Fuskar da Na Ɗora a Kan Ƙwandala

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na yi a Wurno ba, ko da yake gara in faɗa tun yanzu cewa tsoro ya goge mini wasu sassanta. Ban tabbata ko mutum nawa ne a zauren taron ba, kuma mai yiwuwa na sa maganar wani a bakin wani. 

A lokacin na gama digirina a fannin tarihi, na yi bautar ƙasa, na dawo gida Kwargaba na zauna. Da ƙyar na samu koyarwa ta wucin gadi a wata makarantar al'umma kusa da Gandi. Takardar da za ta mayar da ni cikakken malami tana jiran sa hannun mutum ɗaya, wato shugaban kwamitin makarantar, wanda zan kira Alhaji Garba. Dattijo ne mai kirki, ba na musun haka, amma ban taɓa ganin wanda ya ce masa "a'a" ba. Ni kuwa irin mutanen nan ne da suke karanta saƙon waya sau huɗu kafin su tura, bayan sun tura kuma su koma su sake dubawa.

A watannin nan ana ta muhawara a rediyo a kan cewa idan aka dawo da kuɗin ƙarfe, waɗanne shugabannin da suka gabata ya kamata a girmama da sa fuskarsu a kai. (Ni dai rabon da in ga ƙwandala a hannun wani tun ina firamare, ko mai goro ba ya karɓarta, amma ban faɗa wa kowa haka ba.) Ƙungiyar ci gaban yankinmu, wadda Alhaji Garba ke shugabanta ita ma, ta ce ba za a bar mu a baya ba. Za a rubuta shawara a aika, a nemi a sa wani babban jagora na yankinmu da ya rayu a ƙarni na sha tara. Ba zan ambaci sunansa a nan ba, abin da na jawo wa sunan a ranar ya isa.

Alhaji ya kira ni zaurensa ya ce, "Kai ad da digirin tarihi, kai za ka yi muna aikin ga." Ya ce in rubuta takardar, in kuma shirya samfurin ƙwandalar a babbar fasta, a nuna wa mutanen Wurno da Rabah da Goronyo a taro guda.

Mako uku na yi ina aikin. Kowace jimla sai na tabbatar da ita a littafi biyu. Matsala ɗaya ce ta tsaya mini: babu hoton mutumin a ko'ina, kuma na san dalili, ya rasu tun kafin abin ɗaukar hoto ya iso ƙasar nan. Na shirya zan ba da shawarar a sa rubutun ajami ko zanen ganuwa a maimakon fuska. Har na haddace yadda zan faɗa, da "a ganina" da "in ban yi kuskure ba" a wuraren da suka dace.

Ina shiga zauren, kafin in gama gaisuwa, Alhaji ya miƙo mini wayarsa yana murmushi, ya ce Allah ya kawo sauƙi, an samo hoto. Na duba. Wani dattijo ne cikin tsohon hoto marar kala, da rawani da amawali, da tasbaha a hannu. Mutanen da ke zaune suna ta kabbara, wani har yana share ido. Na buɗe baki in faɗi abin da na haddace, sai na ji kaina ina cewa, "To, Alhaji, mai yiwuwa ne."

Ranar Alhamis na hau babur zuwa Goronyo wurin wani mai buga fastocin 'yan siyasa. Da ya buɗe hoton a kwamfuta ya ƙara masa girma, sai ga abin da ƙaramar waya ta ɓoye: agogo ne ɗaure a hannun dattijon, mai sarƙar ƙarfe, yana ta ƙyalli. A zamanin jagoran nan kuwa babu irin wannan agogon. Mai bugun ya waiwayo ya tambaye ni ko a bar hannun ko a datse, tunda da'irar ƙwandala ba za ta ɗauki komai ba.

Na ce ya jira. Na fita bakin shago, ga motocin albasa suna ta wucewa, na kira Alhaji Garba. Ya ɗauka. Na gaishe shi. Na tambayi iyali. Na tambayi ruwan fadama, na tambayi ko shinkafa ta fara fitar da kai. Ya ce lafiya lau, mi ak akwai? Na tuna takardar aikina da ke cikin jakarsa, na ce dama gaisuwa ce.

Na koma na ce a datse hannun. Don in kwantar da zuciyata kuma (a nan ne nake jin kunyar kaina fiye da ko'ina) na sa aka rubuta a can ƙasan fastar, da haruffa ƙanana kamar ƙwayar gero: "Ana kyautata zaton shi ne." A tunanina na rufa wa kaina asiri.

Asabar ta zo. Zauren taron ya cika, ga wakilin hakimi a kujerar tsakiya, ga limamai, ga manoman albasa, har masunta daga bakin dam ɗin Goronyo sun zo. An jingina fastar a bango an rufe ta da farin ƙyalle. Na karanta takardata, mutane suna ta gyaɗa kai, har na fara tunanin ƙila in tsira. Alhaji ya yi mini alama, na ja ƙyallen.

Aka yi kabbara. Na daƙiƙa kaɗan na zama mutum mai daraja a Wurno.

Sai wani ƙaƙƙarfan mutum ya miƙe daga layi na uku. Daga baya na san shi, Alhaji Ummaru ne, dillalin albasa a kasuwar Goronyo. Bai yi sauri ba. Ya tako har gaban fastar, ya ciro tabarau daga aljihu, ya kai fuska dab da hoton, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo gare ni.

"Malam," in ji shi, "mi yak kai baba na bisa kuɗi?"

 Ya nuna wani tabo a gefen girar dattijon, ya ce jaki ne ya harbe shi yana saurayi. Ya ce an ɗauki hoton shekarar da mahaifin nasa ya dawo daga Makka, rawanin ma na maƙwabci ne aka aro, kuma asalin hoton yana rataye a zaurensa har gobe, duk mai shakka ya biyo shi. Ya sake duban fastar ya ce, "Kuma wa yad datse mai hannu? Ina agogonai?"

Da an yi dariya a lokacin da na ji sauƙi. Ba wanda ya yi. Sunan da ke rubuce kewaye da fuskar ba sunan da ake wasa da shi ba ne a Wurno, ni kuma na ɗora shi a kan marigayi mai sayar da albasa a gaban limaman gari. Na fara lissafin ta wace ƙofa ake fita, da kuma ko akwai makarantar da za ta ɗauke ni a wata jihar.

Wani tsohon limami ya kira ni da hannu. Na durƙusa gabansa. A hankali ya yi maganar, amma kowa ya ji.

"Ɗana, kai da kay yi karatu, zamanin bayin Allah nan akwai abin ɗaukar hoto?"

"Babu, Baba Liman."

"Ka san haka?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

Na ce tun shekarata ta farko a jami'a. Ya gyaɗa kai kawai, kuma da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Wakilin hakimi ya tambayi wanda ya kawo hoton. Na ɗaga ido na dubi Alhaji Garba. Yana duban takalminsa kamar yau ya fara ganinsa. Zan so in ce mutunci ne ya sa na rufa masa asiri, amma in zan faɗi gaskiya, takardar aikina ce na hango. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na samo shi." Sannan, saboda wauta ba ta gama da ni ba, na ƙara da cewa ai na rubuta gargaɗi a ƙasa. Wakilin ya taso da kansa, ya sunkuya har rawaninsa na taɓa bango, ya karanta da ƙarfi, kalma kalma: "Ana kyautata zaton shi ne." A nan ne zauren ya fashe da dariya, har da limamai.

Da aka natsu, Baba Liman ya ce ko da hoton na gaskiya ne, shi bai ga girmamawa ba a sa fuskar irin wannan bawan Allah a kan abin da zai faɗi ƙasa a taka, a shiga da shi bayan gida. Ya kawo shawarar a nemi rubutun ajami ko zanen ganuwa. Kowa ya ce madalla da wannan hikima. Ina durƙushe ina jin maganar da na haddace mako guda da ya wuce tana fita daga bakin wani. Alhaji Ummaru kuwa ya naɗe fastar ya saɓa a kafaɗa, ya ce ta babansa ce.

Kwana huɗu ban ji daga Alhaji Garba ba.  Ranar Laraba ya aiko in zo. Na same shi shi kaɗai a zaure, takardar aikina a kan gwiwarsa. Bai dube ni ba, ya sa hannu, ya miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu ina godiya, har na kai ƙofa ya kira ni.

"Malam, hoton nan surukina yat turo min shi," in ji shi, murya ƙasa ƙasa. "Ni ma na so in tambaye shi ina yas samo. Sai nig ga ba ya kyautu."

Na ce Allah ya ƙara girma.

Yanzu ina koyarwa, kuma ɗalibaina ba su san ina jin su ba idan suka ce Malam Ƙwandala ya shigo. Abin da na koya bai da yawa: maganar da na kasa faɗa wa mutum ɗaya cikin minti guda a waya, sai da na amsa ta a durƙushe gaban garuruwa uku. Kuma wanda nake tsoro, ashe shi ma da nasa wanda yake tsoro. (Alhaji da kansa ya ba ni izinin rubuta wannan, bayan na tambaye shi sau uku. Surukin dai ba mu sanar da shi ba.)

Duk wanda yake zauren nan ranar ya ga na kauce a wani wuri, don Allah ya aiko in gyara. Musamman masu cewa na suma. A iya sanina zama kawai na yi a ƙasa, amma ba zan rantse ba.