Idon da Alhaji Babandi Ya Sayo Daga Legas

Duk wanda ya shiga kasuwar doya ta Lafiya bai gaisa da Alhaji Babandi ba, to ya koma ya sake shiri, bai zo Lafiya ba tukuna. Mutum ne da Allah ya hore wa sanin abu tun kafin a faɗa masa. Ya fi likita sanin magani, ya fi direbansa sanin mota. Sau ɗaya ya taɓa shiga jirgin sama, amma ya sauko da gyare-gyare uku da ya kamata matuƙin ya yi. 'Yan kasuwa suna ce masa Injiniya. Bai taɓa tambayar wanda ya fara laƙaba masa sunan ba, balle ya ji da wace irin fuska aka fara. Shi dai ya sa an rubuta a allon sitonsa da jan fenti.

A shekarar 1996 da aka mai da Lafiya babban birnin sabuwar jiha, Alhaji ya ɗauki abin a matsayin ƙarin girman da aka yi masa shi kaɗai. Hularsa ta ƙara tsawo. Ya sayi sanda, ba don ƙafa na ciwo ba, sai don nuni.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat: doya tana raguwa a sito. A jera ta da safe har kusa da rufi, kafin mako ya zagayo ta zauna ƙasa kamar an sace mata gwiwa. Mai basira irin Alhaji ba ya buƙatar bincike. Ya ɗora laifin a kan Iorliam, dattijo ɗan Tibi da ya shekara goma sha huɗu yana tsaron siton, yana zaune a ɗakin bayansa da matarsa Doofan da 'ya'yansu uku. A gaban mutane Alhaji ya rantse cewa kafin wata ya mutu zai kawo hujja, ranar kuwa Iorliam zai kwashe komatsansa daga ɗakin, daga nan sai ofishin 'yan sanda. Iorliam ya buɗe baki zai yi bayani, Alhaji ya ɗaga sanda ya ce ba a katse babba. Dattijon ya haɗiye maganarsa, ya koma ya ci gaba da jera doya.

Bayan kwana shida Alhaji ya dawo daga Legas da kwali. A ciki akwai kyamarar tsaro, da ƙaramar talabijin mai baƙi da fari, da bidiyo, da nannaɗaɗɗiyar waya, da kaset guda ɗaya tak. Mai shagon ya ba shi shawarar ya sayi goma. Alhaji ya ce ya san dabarar 'yan Legas.

Aka kira Torkula mai gyaran rediyo ya haɗa. Torkula mutum ne mai sanyin magana. Ya ce a kafa ta sama a ƙarƙashin kwano inda ruwa da hannu ba sa kaiwa, a juya ta cikin sito inda doyar take, kada a bari ta fuskanci rana, kada a yi wa wayar ƙari, kuma a raba ta da wayar wuta. Alhaji ya saurara da irin haƙurin da malami ke yi wa ɗalibi mai ƙoƙari, sannan ya gyara babbar riga.

"Torkula, kai rediyo ka sani, ita kuwa wannan ido ce. Ido shugaba yake kallo. In baƙo ya zo daga ma'aikatar gwamnati ya duba talabijin, doya kake so ya gani ko mai doya? Juya ta nan."

Nan ɗin kuwa ita ce kujerarsa da ke bakin ƙofar sito, ta wajen gabas.

Washegari da hantsi aka kunna. Allon ya yi fari fat, ba mutum ba doya. Alhaji ya yi wa jama'a bayani cewa wannan alamar ƙarfin na'ura ce, ƙananan kyamarori ba sa iya ɗaukar haske mai yawa haka. Da la'asar Torkula ya yanko gwangwanin madara ya yi mata 'yar rumfa, hoto ya fito. Alhaji ya ce dama abin da yake shirin sa shi ya yi ke nan.

Sai kuma aka ga wayar ba ta kai teburin da Alhaji ke so a ɗora talabijin ba. Injiniya bai jira kowa ba. Ya samo wayar tsohuwar fanka ya murɗa ya haɗa, ya naɗe da leda, ya ɗaure ta jikin wayar wuta don ta yi tsaf. Daga ranar duk wanda ya wuce gaban kyamarar sai ya fito da zane-zane yana rawa, kamar an leƙo shi ta cikin asabari. Alhaji ya ce a Turai ma haka hoto yake farawa kafin ya saba da ƙasa. Torkula ya zo da tsakar rana lokacin da Alhaji ya tafi cin abinci, ya kwance ƙarin, ya matso da teburin taku biyu.

Kwana uku lafiya lau. A na huɗu allon ya yi baƙi ƙirin, ya kuma ƙi dawowa. Alhaji ya gano dalilai da dama. Da farko ya ce wutar Lafiya ce ba ta kai matsayin na'urar ba. Daga baya ya ce mahassada ne suka yi mata asiri. A ƙarshe ya tsaya a kan cewa Iorliam ne ya taɓa ta, don kifi na ganin mai jar koma. Doofan ta ji wannan, ta fara ɗaure tukwanenta a zani.

Torkula ya zo ya bi abin daki-daki. Ya duba soket, akwai wuta. Ya duba bayan talabijin, waya na zaune daram. Ya bi ta da yatsa har bakin ƙofa, ba inda ɓera ya ci. Sai ya jingina tsani ya hau. Ya daɗe a sama yana danne dariya, kafaɗunsa suna motsi. Can ya sauko riƙe da wata 'yar riga ta saƙa, ruwan hoda, da tuntu a gefe.

A gidan Alhaji ba a barin abu mai daraja tsirara. Rediyo na da rigarsa, talabijin na da tata, keken ɗinki ma haka. Shi da kansa ya sa uwargidansa Hajiya Sailuba ta saƙa wa kyamarar tata, shi ya sa direba ya hau ya sanya mata, har da zuge bakin. Alhaji ya karɓi rigar ya cusa a aljihu, ya ce ya yi haka ne don ya gwada ko Torkula ya san aikinsa.

Labari ya bazu cewa a siton Injiniya mutum yana ganin kansa a talabijin. Aka yi ta zuwa. Maroƙa, da direbobin manyan motoci, da sababbin ma'aikatan jiha masu neman gidan haya, kowa ya tsaya ya ɗaga hannu ya ga inuwarsa ta ɗaga, sannan ya juya ya yi wa Alhaji kirari. Doya kuwa ta ƙara saurin raguwa.

Saura kwana biyu wata ya mutu, Torkula ya tuna masa cewa kaset awa uku kawai yake ɗauka, kuma kullum sabuwar ɗauka tana goge ta jiya. Ya ce a kunna shi ranar kasuwa bayan azahar, lokacin da ake hada-hada, in ya cika a cire a ajiye. Wannan karon Alhaji ya yarda, da sharaɗin shi zai danna jan maɓallin da hannunsa.

Ranar hukunci aka shimfiɗa tabarmi. Alhaji ya gayyaci Malam Ya'akubu, shugaban 'yan doya, da dattawan layi. Iorliam ya tsuguna a gefe, hularsa a hannu. Doofan ta tsaya a bakin ƙofa.

"Jama'a," in ji Alhaji, "rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Mutum yana ƙarya, na'ura ba ta yi. Duk wanda kuka gani a nan, ko ɗan cikina ne, a yi masa hukunci."

Aka danna. Ba a daɗe ba sai ga Iorliam a allo, ya fito daga sito rungume da doya.

"Kun gani ko?" in ji Alhaji. "Tsayar da shi nan."

Malam Ya'akubu ya ce a bari ya ɗan ci gaba, gani ya kori ji. Hoton ba shi da murya, amma bai buƙaci murya ba. Ga Alhaji a kujerarsa, wani maroƙi ya durƙusa yana jinjina masa. Ga sandar ta tashi ta nuna sito, ta nuna maroƙin. Ga Iorliam ya ɗan tsaya kamar mai son magana, sandar ta sake tashi, ya shiga ya ɗebo. Bayan maroƙin sai wani mai kwat, aka cika masa bayan mota. Bayansa mata biyu. Bayansu wani da ba wanda ya san shi, wanda abin da ya yi kawai shi ne ya nuna allon sito ya tafa hannu. Sau tara sandar tana tashi kafin kaset ya ƙare.

Malam Ya'akubu ya yi gyaran murya ya tambayi Iorliam me ya hana shi faɗa tun tuni.

"Shugaba, na so na faɗa. Maigida ya ce ba a katse babba."

Wani dattijo ya ce a hankali, laifi tudu ne. Bai ƙarasa ba, ba a kuma nemi ya ƙarasa ba. Malam Ya'akubu ya yanke cewa Iorliam yana nan a aikinsa da ɗakinsa, kuma duk wanda ya sake kiransa ɓarawo a kasuwar nan zai haɗu da ƙungiya. Doofan ta juya ta nufi bayan sito.

Alhaji ya miƙe ya sanar da cewa dama shi bai taɓa zargin kowa ba, ya shirya taron ne don jama'a su ga ingancin hoto.

Malam Ya'akubu, da yake mutum ne mai rufin asiri, ya ce lalle hoto ya fito, samun irin Injiniya a jiha sai an tona. Nan take sandar ta tashi da kanta ta nufi sito. Ta kai rabi sai ta tsaya. Alhaji ya ɗaga kai ya dubi kyamarar, ya rage murya.

"Iorliam, kashe na'urar tukuna. Sannan ka sa wa Shugaba guda goma a mota."