Rasuwar Mabruk, Tanderun Gidan Bayyumi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kamar yadda aka saba rubutawa, ko da yake tawa ta daskare, har yanzu ban ji komai ba, ni Ramzi ɗan Alhaji Bayyumi na Mit Gamar nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar Mabruk, tanderunmu na narka alminiyum. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara arba'in da ɗaya.

Mahaifina ne ya gina shi da hannunsa, ya hura masa wuta a shekarar da aka haife ni. Tun daga ranar nan wutar ba ta taɓa mutuwa ba, ko da Sallah sai dai a rage ta. Marigayin ba ya zaɓen abinci. Tsohuwar tukunya, gwangwani, karyayyar taga, duk ya haɗiye ya fito da sanduna farare tas. A bakinsa unguwa take gasa dankali, ma'aikata su ɗumama wake da gurasa. Maganarsa ɗaya ce, wuuu, in ya ƙoshi ya ce gum.

Ciwon daga ƙetaren teku ya taso. Ƙasashen da ke sayen sandunanmu suka haɗa kai, suka ce sanyi ba zai kashe su ba alhali suna da abokai masu iskar gas irinmu. Gas ya hau jirgi, bututun gas ɗin da ke hura wa Mabruk wuta ya koma numfashi sama-sama. Muka juya Mabruk kan baƙin mai. Ya ci bai yi ƙorafi ba, sai dai hayaƙi. Ana nan, ƙasashen nan ƙawayenmu suka sake zama, suka ce duk kayan da aka ƙera da hayaƙi mai yawa sai ya biya haraji a bakin iyakarsu. Ba na zagin kowa. Duniya ta yi zafi, mu ma muna ji a jikinmu. Yadda aka yi kawai nake faɗa.

Mai sayen kayanmu ya aiko cewa zai turo mai dubawa. Atif, mijin ƙanwata, wanda bai taɓa cewa bai sani ba, ya kawo shawara: a yi yadda ake wa kowane baƙo, a share, a shafe bututun hayaƙi da farar ƙasa, a kashe wuta kwana uku sama ta washe. Usta Girgis, babban ma'aikacinmu da ya shekara talatin yana ciyar da marigayin, ya ce mini, "Maigida, tanderu ba fitila ba ne. In ya huce, ba ya tashi."

Na ji shi sarai. Ni na rufe man da hannuna.

Mai dubawar ta zo, mace mai ladabi. Ta sha shayi, ko ɗaga kai ba ta yi ta kalli farin bututun ba. Ta ce su abin da Mabruk yake ci a shekara suke tambaya, ba hayaƙin yini ɗaya ba, kuma tana so ta gan shi yana aiki. Muka hura. Ya ce ƙas, sau ɗaya, ya tsage daga wuya har gindi. Atif ya tuna yana da uzuri a gari. Usta Girgis ya cire hula ya zauna a ƙasa.

Marigayin ya bar ma'aikata goma sha tara, da fankar da take hura masa iska, da kyanwoyi uku da ba su san inda za su kwanta ba. Ya kuma bar Alhaji Bayyumi, mai shekara tamanin da uku, wanda idanunsa suka tafi, yake kwance a benen da ke saman maƙera. Likita ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki mugun labari ba. Shirun kwana ukun, na ce masa gyara ake yi. Tun ranar Talata kuma fankar muke kunnawa, tana hura iska cikin cikin da babu komai, don ya riƙa jin wuuu ɗinsa.

Jiya da safe na kai masa shayi, na tarar ya sauko da hannu yana shafa daɓen ɗakin, wanda ɗumin Mabruk bai taɓa bari ba. Ya jima a haka. Sannan ya ce, "Ramzi, miƙo mini bargo." Shekara arba'in da ɗaya bai nemi bargo a ɗakin nan ba. Na miƙa masa. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ce ba.

Za a rushe gawar ranar Juma'a, bayan an ɗauki Alhaji zuwa masallaci, a kwashe tubalan kafin ya dawo. Zaman makoki kwana uku ne a gidan Usta Girgis, bayan la'asar, da gahawa marar sukari. Ba rumfa a ƙofar gidanmu, ba lasifika. Wanda ya hau gaida Alhaji, in ya tambaya, don Allah ya ce Mabruk yana nan lafiya. In bai tambaya ba, a bar shi. Fankar za ta ci gaba da aiki.