Gwaggo, Kwamfutar Illo Mai Hoto, Ta Cika

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da bakin da ya yi nauyin faɗa, Malam Illo mai hoto na bakin tashar Madarunfa yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Gabi, da Sarkin Yamma, da Ɗan Issa, da duk wanda ya taɓa zama a kan bencin shagonsa aka ce masa ya ɗaga haɓa, cewa baƙar kwamfutarsa, wadda gari ya sani da suna Gwaggo, ta cika. Rai ya yi halinsa ranar wata Talata bayan la'asar, tana tsakiyar aiki, bayan jinya ta shekara biyu. Ta yi shekara goma sha huɗu a hannunsa, ban da waɗanda ta yi a hannun mai ita na farko, wanda ba a san ko wane ne ba.

Ana neman afuwa kan jinkirin wannan sanarwa. Yau kwana arba'in ke nan da rasuwar. Malam Illo ne ya ƙi yarda ta cika. Ya lulluɓe ta da zanen gado a kan tebur, kullum da safe ya yaye ya danna mata maɓalli, ko Allah zai sa ta ce wani abu.

Marigayiyar ta hannu ce, daga kasuwar Katsina. Ta shigo ta Ɗan Issa a bayan babur ɗin kabu-kabu, naɗe da bargo, Illo yana rungume da ita. Kafin zuwanta, sai ya kai fim Maradi ya jira kwana uku kafin mutum ya ga fuskarsa. Da ta zo, mai neman hoton katin ɗan ƙasa yakan zauna da hantsi ya tashi da hotonsa kafin azahar.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaida haƙurinta. Kuran, wato lantarki, ya ɗauke mata a tsakiyar aiki ya fi sau dubu, ba ta taɓa riƙe abin a zuciya ba. Zafin bazara da ke narkar da takalmin roba ta sha shi a ɗaki mai rufin kwano. Ba ta da rowa. Ta ƙara wa masuntan tafki girman kifin da suka riƙe. Ta tsayar da samarin da suka dawo cin rani da jaka ɗaya a gaban benaye da motocin da ba su taɓa shiga ba, don hankalin iyayensu ya kwanta. Ta share ƙuraje, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta cire mutumin da aka ɓata da shi daga hoton biki ta cike gurbinsa da labule. A duk shekarun nan ba ta taɓa tona asirin kowa ba.

In an tashe ta da safe takan ce, “Tit.” Sai ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ja dogon numfashi, “Guuurrr.” Tsakanin wannan da buɗe idonta, Illo yakan shanye kofin shayi har ya wanke. Ba a ɓoye aibin mamaci baki ɗaya: tana da nawa, kuma in an matsa mata takan daskare. Amma hannun Illo ya san ta kamar yadda harshe ya san haƙora. Haruffan madanninta sun goge tun tuni, bai taɓa lura ba, don ba ya kallonsu.

Ciwon ajalin ya fara ne da tari. Daga baya fuskarta ta riƙa juyawa shuɗiya fes, ta suma, ta farfaɗo ba ta san inda aka tsaya ba. Sau uku aka kai ta Maradi wurin Aminu mai gyara, kowane zuwa maganarsa ɗaya ce.

“Malam Illo, ka kwashe abin da ke cikinta ka zuba wani wuri. Wagga tsohuwa ba ta kai wata damina.”

“In sha Allah gobe,” in ji Illo.

Goben ba ta zo ba. Aiki ya yi yawa, kuma a ransa yana ganin kwashe kayan mara lafiya a gabansa rashin kunya ne.

Labarin jinyar ya kai kunnen ɗiyarsa Mardiyya, da ke aikin jinya a Yamai. Ba ta yi shawara da kowa ba ta aiko masa da sabuwar na'ura a motar haya. Fara ce, siririya kamar faranti, ba ta da akwati a ƙasa, komai nata yana bayan gilashin. Ba danginsu ɗaya da Gwaggo ba, ba kuma yarensu ɗaya ba. Illo ya kunna ta sau ɗaya, bai ji ta ce komai ba, ya ga ta buɗe ido tun bai ɗora ruwan shayi ba. Ya nemi inda ake shiga ya rasa. Sai ya mayar da ita kwalinta ya tura ƙarƙashin tebur. Duk ranar da Mardiyya ta kira ta tambaya, sai ya ce, “Ai tana aiki lafiya lau, Allah shi yi maki albarka.” Wata huɗu yana faɗin haka, gwiwarsa tana gugar kwalin.

A cikin watan nan na huɗu ne wata tsohuwa daga Gabi, mai suna Uwa, ta shigo shagon ranar kasuwa. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan hoto da bai kai tafin hannun jariri ba. Na ɗanta ne Ɗogo, wanda ya tafi cin rani Najeriya shekara shida da suka wuce, rijiya ta rufta da shi a can, a can kuma aka binne shi. Ruwan damina ya shiga ɗakinta ya ci rabin fuskar.

“An ce mani kana mayar da huska,” ta ce. “Ni dai idonshi nake so in gani duka biyu.”

“Ki bar shi nan, Inna. Ki dawo kasuwa mai zuwa.”

Bayan tafiyarta ya kwantar da hoton a kan gilashin na'urar ɗauka, Gwaggo ta haɗiye shi. Da ya zo ɗagawa, takardar ta manne. Ya ja a hankali, ta dagargaje a yatsunsa kamar busasshen ganye. Ya zauna yana kallon ɓurɓushin. Daga wannan lokaci, duk faɗin duniya fuskar Ɗogo ba ta ko'ina sai cikin Gwaggo.

Kwana uku ya yi a kan fuskar. Ya ɗauko idon dama ya juya shi ya dasa a hagu, ya ƙera gira gashi bayan gashi. Ranar Talata, yana kan kumatu, sai ya ji, “Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.” Ƙaurin ƙonannar roba ya tashi. Fuskar Ɗogo ta tsuke ta zama ɗigo ɗaya a tsakiyar gilashi, ta ɓace. Illo ya cire hularsa ya yi ta yi mata fifita har aka kira magariba. Ba ta ƙara cewa komai ba.

Aminu ya duba ya girgiza kai. Ƙirjin ya ƙone, irinsa kuma an daina yi. Ya ciro diskin, inda take ajiye komai, ya yi kwana biyu yana lallaɓarsa. Kashi ɗaya cikin uku ya fito. Sauran, hotunan suna da na aure da na tafiya Makka da na waɗanda yanzu suna ƙasa, sun tafi da ita. Ɗogo ya fito, amma yadda ya shiga: da rabin fuska. Aikin kwana ukun yana nan a rubuce da yaren marigayiya, baƙuwar na'ura in an nuna mata sai ta nuna farar takarda.

A nan Malam Illo ya san abin da ake kira gaba kura baya siyaki. Ya fito da baƙuwar daga kwali don ba yadda zai yi. Yatsunsa su tafi inda suka saba, sai wani abu daban ya faru. Ya nemi rufe taga a dama, ashe a hagu take. Ya danna don ya mayar da kuskure baya, sai hoton ya tsere ƙasan gilashi ya ɓuya. Na'urar bugawa, wadda ta zauna da Gwaggo shekara tara, ta ƙi amsa sallamar baƙuwa. Mutum mai shekara hamsin da takwas, wanda ya ɗauki rabin garin nan hoto, ya wuni yana neman inda ake ƙara haske. Ba ya iya rufe shago, don Uwa za ta zo. Ba ya iya zuwa wurin samarin da ke gyaran hoto a waya ya ce su koya masa, don jin nauyi. Mutum ɗaya ta san wannan na'ura, kuma kiranta yana nufin ya lashe maganar wata huɗu.

Uwa ta zo kasuwa ta farko. Ya ce aiki bai ƙare ba. Ta zo ta biyu, da ƙafa tun daga Gabi, ta kawo masa ƙullin gyaɗa. Ba ta yi faɗa ba, ta zauna a benci ta huta ta tafi. Da ta yi faɗa, da ya fi masa sauƙi.

Ranar nan ya kira Yamai.

“Mardiyya, akwai maganar da ban faɗa maki daidai ba.”

“Baba, kwalin da ke ƙarƙashin tebur? Innarmu ta gaya mani tun watan farko.”

“To mi ya hana ki yi magana?”

“Na ce sai ka shirya. Zauna gabanta. Mi kake gani a sama hannun hagu?”

Haka aka yi kwana tara, ita a bakin aiki tana satar lokaci, shi da waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, ɗiyar da ya koya wa riƙe fensir tana ce masa, “A'a Baba, ba nan ba, koma.” Ya sake dasa idon. Ya sake ƙera girar. Aminu ya zo ya sasanta na'urar bugawa da baƙuwa.

A kasuwa ta huɗu ya miƙa wa Uwa hoton, babba, a cikin leda. Ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana kallo.

“Wanga ya hi Ɗogo kyau,” ta ce. “Ina tabon da ke goshinshi? Jaki ya harbe shi yana yaro.”

Ashe Illo ya zaci tabon ɓarnar ruwa ce, ya goge shi. Ya zauna, tana tsaye a kansa tana nuni da yatsa, ya mayar da tabon inda yake. Da hoton ya sake fitowa ta shafa goshin da babban yatsa, ta naɗe shi a zane, ta ce, “Yanzu shi ne.” Sai da ta juya baya Illo ya faɗa mata abin da ya sami ƙaramin hoton nata. Ta ce ta san hoton ba zai kai labari ba, shi ya sa ta kawo.

Marigayiya ta rasu ta bar gilashin kallo guda mai tsaga a kusurwa, da madanni marar haruffa, da igiyoyi bakwai da ba su shiga ramin kowa. Ta bar Malam Illo, wanda har yanzu aikin da a da yake yi a kofin shayi ɗaya shi yake yi a wuni, wanda kuma hannunsa kan kai ƙasan tebur kowace safiya neman maɓallin da ba ya nan. Ta bar gidaje da dama a wannan yanki waɗanda suka ce masa, “Ajiye mana, in mun tashi za mu karɓa.” Ya rubuta sunayen da ya iya tunawa, sun cika shafi shida.

Ga yadda aka tsara rakiya. An tuntuɓi liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma an karɓi wannan hukunci ba gardama. Wanka da busasshen ƙyalle za a yi, Aminu ne zai jagoranta, zai kuma cire abin da zai amfani masu rai. Ranar Alhamis da hantsi za a ɗora ta a amalanke daga bakin shago zuwa wurin masu sayen tsoffin ƙarafa da ke bayan kasuwa. Malam Illo ya roƙi a bar shi ya juya baya lokacin da za a ɗora ta a kan sikeli. Diskin ba zai bi ta ba, zai zauna a gwangwani, ko wata rana a sami wanda ya fi Aminu sani.

Za a karɓi gaisuwa kwana uku, daga hantsi zuwa la'asar. Ba a buƙatar abinci. Wanda yake da hoton takarda da aka buga masa a wannan shago ya zo da shi, a sake ɗauka. Wanda nasa ya tafi kuma ba shi da wani, ya zo duk da haka, Malam Illo ya ce ya fi so ya faɗa masa ido da ido.

A shago za a yi gaisuwar, ba a gida ba, kuma ana roƙon jama'a su kiyaye wannan. Sunan farko a shafi na farko na mai ɗakinsa ne, Hauwa. Hoton mahaifiyarta guda ɗaya tak, wanda ya ɗauka shekarar da za ta rasu, yana cikin waɗanda ba su fito ba. Shekara goma sha ɗaya tana ce masa ya buga mata shi ta rataye. Har yau ba ta sani ba. Wanda ya karanta wannan takarda kada ya riga shi kai labarin. Ya ce da bakinsa zai faɗa mata, ranar Alhamis, in an dawo daga rakiya.