Gwaggon da Na Samu a Ƙofar Otal

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ƙirƙiri gwaggo a ƙofar otal ba, don kawai kada sabon takalmina ya taka ƙura. Ni ban iya rubutu ba, jikata ce ke riƙe da alƙalami, na kuma gaya mata kada ta gyara komai don ta rufa mini asiri. Wanda ya fi cancanta ya ba da labarin nan shi ne Malam, mijina, don in ya fara sai ya yi dariya har da hawaye. Allah ya karɓi abinsa, ya bar ni da labarin ni kaɗai. Allah ya jiƙansa.

Lokacin muna zaune a unguwar Hindawiyya, a Jidda. Mu Hausawan Sudan ne, a can aka haife ni, Kano kuwa a bakin kakata kawai na san ta. Malam yana tuƙa wanet, ƙaramar motar kaya ta kafilinsa, wato ubangidansa Balarabe da ya tsaya masa a takardun zama, yana ɗauko buhuna daga tashar jiragen ruwa zuwa ɗakunan ajiya. A shekarun nan ne aka buɗe malahi a bakin teku, wurin wasanni mai fitilu kala-kala, ga sababbin otal-otal a gefensa. Matan unguwa suka je suka dawo suna ba da labarin wani babban lilo mai kamar ƙafar keke, wanda ke ɗaga mutum sama har ya hango jiragen ruwa ƙanana kamar ƙoƙuna a kan ruwa. Na sa Malam a gaba. Tun da aka ɗaura mana aure ba mu taɓa fita mu biyu don jin daɗi kawai ba. In ka gan mu tare a hanya, to gaisuwar mutuwa ce ko asibiti. Abin da nake so bai wuce in zauna kusa da shi a cikin lilon nan, mu hau sama tare ba.

Bayan Babbar Salla, alhazai suna ta saukowa Jidda suna jiran jirgin komawa gida, Malam ya roƙi kafili aron motar na yamma ɗaya. Kafili ya yarda, da sharaɗin a dawo masa da ita bayan magariba. Muka kai yara wurin ƙanwata. Na sa tufafin Salla, na sa wani takalmi mai ruwan zinariya wanda ya matse ni tun a kanti (mai kantin ya ce zai saki, har ya yage bai saki ba).

Muka isa muka tarar wurin ajiye motoci na malahi ya cika. Wani mai nuna hanya ya ce sai dai can nesa, a wani fili da ake jibge yashi. Malam ya juya kan mota zai nufi can. Ni kuwa idona ya faɗa kan otal ɗin da ke jikin malahin: ga rumfa mai inuwa, ga wuri fili, motoci 'yan kaɗan. Na ce ya shiga nan. Ya ce ba wurinmu ba ne. Na ce ashe inuwar ma sai mai ɗaki a otal? Muka yi ta ja a bakin ƙofa, har ya gaji ya matsa da motar wurin mai gadi don in ji da kunnena.

Mai gadin wani dattijo ne ɗan Yaman, mai sanyin magana. Ya yi mana bayani dalla-dalla: rumfar ta baƙin otal ce. Wanda ya zo gaida baƙo yana iya ajiye mota muddin yana tare da baƙon. Wanda kuwa ya ajiye ya sulale malahi, za a ja sarƙa a rufe motarsa, sai mai ita ya zo da kansa. Malam ya dube ni, wato kin ji, motar kafili ce. Har ya kai hannu zai ja baya, sai na ji bakina yana cewa da Larabci ai mu gaisuwa muka zo, gwaggona ce ta sauka a nan.

Mai gadi ya tambayi sunanta. Na ce Hajiya Binta, daga Kano. A raina na ce otal mai ƙofar gilashi irin wannan ina zai san wata Binta, zai dai ɗaga mana hannu mu wuce. Sai ya shiga 'yar rumfarsa ya ɗaga waya. Ya fito fuskarsa cike da fara'a ya ce, "Tana sama. Ta ce ku hau maza, tana jiran 'yarta."

Malam ya ja muka shiga rumfar. Ya ajiye motar a inuwa, ya kashe, ya fito ya buɗe mini ƙofa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Yalla, Hajja. Kada mu bar Gwaggo tana jira."

Mai gadin da kansa ya raka mu har ƙofar ɗaki, saboda haka babu hanyar gudu. Muka yi sallama. Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama a kan katon gado, ƙafarta ɗaya a kumbure bisa matashi, sabon haƙorin Makka yana walƙiya a bakinta. Ɗanta ɗan kasuwa ne, shi ya kawo ta aikin hajji, kullum da safe yakan bar ta a ɗaki ya tafi saro kaya. Na durƙusa na gaishe ta, ina addu'ar ta ce ba ta san ni ba mu ba da haƙuri mu fita. Ta ƙura mini ido, ta daɗe, sannan ta ce, "Ba 'yar Ladi ba ce wannan?"

A nan ne Allah ya ba ni ƙofar fita, ni kuma na rufe ta da hannuna. Na ce, "Ni ce, Gwaggo."

Ta ce ai ta ga kama, musamman wajen haɓa. Ta sa aka kawo shayi da dabino. Sai tambayoyi. Ta tambayi ƙafar Ladi da ta karye, na ce ta warke sarai, har kasuwa tana zuwa. Ta tambayi tagwayen da Ladi ta haifa, na ce sun girma, ɗaya ma an sa masa rana. Ta ce har yanzu Ladi tana shiga gidajen maƙwabta ba sallama tana yi musu ɓarna? Na ji nauyin maganar, amma na kare uwata, na ce ta daina, girma ya zo. Ta ce to alhamdulillahi, don an sha ɗaure ta a kan haka. Na ce ai duk ya wuce. (Wallahi a lokacin har tausayin Ladi na fara ji, ina cewa wace irin rayuwa matar nan ta yi.)

Duk wannan ana yi, ta taga ina hango lilon yana juyawa, rana tana yin ƙasa. Malam yana zaune bakin ƙofa kansa a sunkuye, yana jan carbi, kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka tsoron kafili ne.

Can tsohuwar ta juya wurinsa ta ce, "Kai ɗan nan, tun da ka shigo ba ka ce uffan ba. Yaushe rabonka da surukarka?"

Malam mutum ne da ko a ciniki ba ya iya ƙarya. Ya gyara murya ya ce, "Hajiya, ki gafarce mu. Surukata ta rasu a Sudan, ba ta taɓa ganin Kano ba. Mu inuwa muka zo nema wa mota."

Na ja mayafina na rufe fuska har haɓar nan da aka ce ta Ladi ce. Na so gadon ya ɗaga in shige ƙarƙashinsa. Sai na ji gado yana girgiza. Na leƙa, ashe tsohuwar dariya take yi, ta riƙe ƙafar mai ciwo.

Ta ce, "'Yar nan, Ladi akuyata ce. Ran Lahadi na saye ta, shi ya sa na sa mata sunan."

Malam ya saki dariyar da ya daɗe yana dannewa, har carbi ya faɗi. Tsohuwar ta ce tun daga taga ta gan mu muna jayayya a ƙofa. Ta ce tun saukarta otal ɗin babu wanda ya yi mata Hausa sai ɗanta, shi ma in ya dawo barci yake yi. Da aka ce ga 'yarta a ƙasa, ta ce ko ɓarauniya ce a hawo da ita, muddin tana jin Hausa.

Na fara ba da haƙuri ina tattara takalmi. Ta ce ina za ni? Ai ta ji dokar: mota tana inuwa muddin muna tare da baƙo. To, baƙuwa malahi za ta. Kwanaki ke nan tana kallon lilon nan ta taga, ɗanta yana cewa ba na tsofaffi ba ne. Muka sauko da ita tana dogare da ni. Malam ya gaya wa mai gadi gaskiyar magana tun daga farko, ni ina bayansa ina kallon ƙasa. Dattijon ya yi murmushi ya ce shi dai abin da ya sani, baƙuwarsu tana tare da mu, halas.

Kujerar lilon ta mutum biyu ce. Hajiya ba za ta iya hawa ita kaɗai ba, ba kuma za ta zauna da namijin da ba nata ba. Ai kun ga inda maganar ta tsaya. Ni da Gwaggo muka hau, ta ƙanƙame hannuna tana salati, tana cewa in nuna mata wajen Kano. Da muka kai can ƙoli na duba ƙasa, na hango Malam ɗan mitsitsi a cikin mutane, yana riƙe da takalmina mai ruwan zinariya (ƙafata ta riga ta yi kanta, na tuɓe), yana ɗaga mini shi sama. Muna saukowa aka kira magariba, aka tsayar da komai, motar kafili kuma tana jiran a mayar da ita.

A hanya ya ce in kwantar da hankalina, wata rana za mu dawo mu biyu. Yara suka ƙaru, aiki ya ƙaru, ba mu koma ba. Amma daga ranar har ya bar duniya, in muna mu kaɗai ba ya kirana da komai sai 'yar Ladi. In na fara ƙara gishiri a labari a gaban baƙi, sai ya tambaye ni a hankali ya jikin tagwaye, in yi tsit.

Abin da na koya shi ne, in aka ce wurin mota yana da nisa, a tuɓe takalmi a taka. Da na taka yashin nan, da Malam zan hau sama. In kuma ya zama dole ki yi gwaggo a ƙofar otal, to ki fara tambaya ko tana kiwo. Yanzu gidan cike yake da masu kirana Hajja da Kaka, kowa da ladabinsa, ni kuwa da zan sami wanda zai leƙo ta ƙofa ya ce "'yar Ladi" sau ɗaya, da na amsa da gudu.