Kawu Idi da salatin mangwaro

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Kawu Idi ya fara cin abinci a gidanmu na unguwar Zongo a Ouaga ba. Direban babbar mota ne, shi ya riƙe mijina Salisu tun yana yaro, kuma bai samu zuwa bikinmu ba. A can Tawa dangin miji na kirana "matar da ta yi lakwal", wato 'yar boko, don haka na ƙudura sai ya koma musu da labari.

Na taɓa cin wani salati a gidan abokiyar aikina, ganye da kaza da mangwaro, shi kaɗai ne abincin, ba shinkafa ba komai. Na ce shi zan yi. Salisu ya tafi Kossodo tarbo Kawu, inda yake sauke kaya, ni kuwa na hau moto sai kasuwa.

Kazar da na samo irin wadda muke cewa "poulet bicyclette" ce, wato kazar ƙauye mai tauri kamar ta sha tuƙin keke (ina jin da ƙafarta ta zagaye Ouaga kaf kafin ta iso hannuna). Na dafa, na ƙara ruwa, na sake dafawa, tana nan kamar taya. Ban saduda ba, na zauna na yage ta sili-sili har yatsuna suka yi ja. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, frigo, wato firji, ya yi shiru, ganye ya soma yaushi. Na nemo ƙanƙara a maƙwabta na ɗora kwanon a kai. Na yanka mangwaro da abarba da kokwamba, na matsa lemon tsami, na jera komai a babban faranti. Wallahi ya yi kyau, har hoto na ɗauka.

Kawu ya yi bismillah, ya ɗan tsaya yana kallon farantin. Sai ya shiga tsince mangwaron ɗaya bayan ɗaya yana turawa gefe.

"'Yata, kayan marmarinki sun zubo cikin naman," ya faɗa a hankali don kada in ji kunya. "Ba komai, ana samun haka."

Ya cinye kazar, ya ɗan taɓa ganyen, ya gyara zama, ya naɗe hannun riga.

"Madalla, wannan ya buɗe ciki. To, a kawo abincin."

Salisu ya ɗaga kai yana nazarin silin. Ni kuwa na ji bakina na cewa, "Yana kan wuta, Kawu." (Murhun nan ya huce tun azahar.)

Ta ƙofar baya na sulale gidan Tanti Awa, maƙwabciyata Bamosa, 'yar asalin garin nan. Ban gama bayani ba ta miƙo min tukunyar benga, wato wake da shinkafarta, tana dariya har da hawaye.

Kawu ya share kwanon tas, ya ce, "Salisu, ka yi dace! Wannan yarinya ta iya wake."

Labarin da ya kai Tawa ke nan. Tun daga lokacin duk baƙon da ya sauka, wakena yake tambaya, dole na koma ɗalibar Tanti Awa. Salatina dai ban daina ba, har ma na gwanance. Amma yanzu kafin in yanka mangwaro, sai na fara tambayar baƙo daga ina ya taso, kuma yaushe rabonsa da tuwo.