Makullin da Na Ɓatar da Gangan

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar nan ba, ko da tsufa zai kwashe mini komai. Ƙwaras! Ina kakkaɓe taga ne gindin tsintsiya ya bugi wani tsohon gwangwanin madara, wani abu ya motsa a ciki. Na zazzage, sai ga ɗan makulli guda, ya fara tsatsa, da ɗigon jan fenti a kansa. Da na san abin da zai jawo mini, da na mayar da shi na nemi tsari na ci gaba da sharata.

Bari in koma baya kaɗan. Lokacin ruwan Tiga bai daɗe da fara isowa yankinmu na Kura ba. Gonakin da a da ba ka ganin komai a cikinsu da rani sai kututturen kara, duk sun koma kore shar da alkama da tumatir. Maigidana yana cikin waɗanda aka ɗauka aikin ƙofar ruwa: da asuba ya hau keke ya je bakin kanal ta wajen hanyar Bunkure ya buɗe wa manoma, da yamma ya rufe ya danna kwaɗo. Har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Malam Mai Ruwa. Ni kuwa ina gida da sakandarena (ni kaɗai ce na yi a layinmu, kuma ban taɓa bari an manta ba), ina tuƙa tuwo, Turancina yana narkewa kamar gishiri a damina.

Ana haka sai ga Ladi, ƙawata tun makaranta, wadda ke aiki a ɗakin shan magani na ma'aikatan ruwa. Ko mayafi ba ta cire ba ta ce matar Baturen injiniyan aikin ruwa za ta buɗe wa mata ɗakin koyon ɗinki, kekuna sababbi fil, kuma tana neman mace mai jin Turanci da za ta riƙe makullin ɗakin. Ni da nake ɗinka wa yara riga da allura har yatsana ya yi kanta, sai na ji zuciyata ta tafi can ta zauna. Mai makulli ai ita ce mai keke.

"Ƙawa, tambayarta ba ta wuce makulli," in ji Ladi. "Kina yawo da makulli? Ina kike ajiyewa? Kin taɓa ɓatarwa? Da ya ɓata me kika yi? Amma ki kiyaye, duk wadda ta ce ba ta taɓa ɓatarwa ba, sai ta ɗaga gira ta sallame ta. Wai babu ɗan Adam ɗin da bai taɓa ba. Ki shirya mata ɗan labari."

Na ce, "To ai ni ban taɓa ba." Kuma gaskiya ne. Makullin ɗakina a haɓar zanina yake, da irin ƙullin da ni kaina sai na sa haƙori.

"To ki ƙirƙira mana! Ƙaryar Turanci ai ba ta kai ta Hausa zunubi ba."

Malam ya ba ni izini ba musu, na shiga bita. Na ɗora 'yata Jummai a kan turmi (lokacin ba ta ma shiga firamare ba), na ce ita ce Baturiya. Ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci, sai dai ta toshe hanci ta yi "shuwa-shuwa-shuwa," ni kuma in miƙe tsaye in amsa da Turanci. I, Madam, ina yawo da makulli. A haɓar zanina nake ɗaure shi, Madam. Waɗannan biyun suna fita sumul, har kaji suna tsayawa kallona. Amma da na zo ta uku, in ce na taɓa ɓatar da makulli na same shi a ƙarƙashin tabarma, sai maganar ta maƙale a wuya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sha gaya mana cewa masu rubutu a kafaɗa babu harshen da ba sa ji. Duk lokacin da na faɗi amsar nan sai na bi ta da astagfirullah, har Jummai ta ɗauka shi ma cikin Turancin yake.

Ana gobe za a je wajen Baturiya ne na ji ƙarar nan ta gwangwani. Na juya makullin a hannu, na ce wannan ai na tsohon kwaɗon akwatina ne da ya lalace. Nan take wata dabara ta faɗo mini, irin dabarar da sai wanda ya yi sakandare. In na ɓatar da shi da gaske, na nema na samu, ai labari ya zama gaskiya, ba ni ba zunubi!

Bayan la'asar na tsaya a tsakar gida, na rufe ido, na sa Jummai ta rufe nata, na yi bismillah, na wurga shi ta bayan kafaɗata. Na kasa kunne in ji inda zai faɗi. Shiru.

Muka fara nema da dariya. Ƙarƙashin tabarma, bayan randa, cikin tokar murhu, har akurki na zura hannu kaza ta sare ni. Akwai ɗan kwandon tumatir a gindin katanga, wanda wani manomi ya kawo wa Malam, shi kuma ya ce in kai wa Baturiya gobe (ba toshiya ba ce, ba a dai zuwa gidan mutum hannu rabbana). Na ɗaga ganyen da aka rufe shi da shi na leƙa, ja wur, ba komai, na mayar. Har aka kira magariba makulli ya ce ɗauke ni inda kika ajiye. Na ce to, rabin labari dai ya samu. Da Malam ya dawo ban ce masa uffan ba. Wace mace ce za ta tari mijinta da labarin ta wuni tana jifa da tsohon ƙarfe?

Abin da ban sani ba shi ne, igiyar da Malam ke rataye makullin ƙofar ruwa ta tsinke masa da rana, ya jefa shi a gwangwani kafin ya sami wata. Da yamma bai buƙace shi ba, tunda kwaɗon dannawa ake yi. Da asuba kuma ya manta, ya hau keke kamar kullum, sai da ya isa bakin kanal ya laluba wuya ya ji wayam. Kafin ya juyo gida, ni da Ladi mun kama hanya, Jummai tana gaba da kwando a ka.

Muka sami Baturiya a barandarta, jikin ofishin mijinta, doguwar mace, rana ta mayar da fuskarta kamar abin da muka kawo mata. Ta yi tambaya ta farko, na amsa. Ta biyu, na amsa har da nuna mata ƙullin haɓar zani, ta gyaɗa kai. Da ta zo ta uku na ɗaga kai cike da natsuwar mai gaskiya na ce na taɓa, Madam, jiya-jiyan nan ma. Ta yi murmushi ta ce na same shi? Na ce ban samu ba, amma ba komai, tsohon ƙarfe ne da ba ya buɗe komai a duniya.

Ban rufe baki ba sai ga hayaniya. Kekuna, manoma da laujensu da fatanyu, a tsakiyarsu Malam, hula a hannu, gumi ya jiƙe masa riga. Wani dattijo da ake kira Baffa Audu yana ta faɗa: yau ne ranar ruwansu, tumatir ɗinsa yana cikin fure, in ya wuni da ƙishi furen zai zube, wa zai biya shi wahalarsa? Sun zo karɓar makulli na biyu, ashe injiniya ya tafi Kano da shi a aljihu.

Tausayin Malam ya kama ni har idona ya kawo ruwa. Amma kun san mai ilimi ba ya ganin dama ya bar ta. Na sunkuya wajen Baturiya na ce mata a hankali, cikin Turanci mai kyau, ai maza haka suke, da zai riƙa ɗaure makulli kamar yadda nake yi da ba a zo nan ba.

Ita kuwa, don ta sami abin yi da hannunta, sai ta jawo wata babbar tasa ta juye tumatir ɗin a ciki.

Ƙwal!

Jummai ta yi tsalle. "Umma, ga shi! Mun samu! Mun samu!"

Baturiya ta ɗago makullin, ta kalli jan fentin (ashe duk makullan ƙofar ruwa haka ake yi musu alama), ta kalle ni. Malam ya matso, ya dubi makulli, ya dubi 'yarsa.

"Jummai, ina kika san wannan?"

"Baba, shi ne wanda Umma ta rufe ido ta jefa, don ta gaya wa Baturiya gaskiya."

Na so ƙasa ta tsage. Ba ta tsage ba, ƙasar wurin siminti ce. Baturiya ta ce in yi mata bayani, kuma wannan amsar ba ta cikin bita. Duk Turancin da na tara ya watse, na dinga haɗa kalma da hannu da ido, ina nuna yadda na juya baya, yadda na wurga. Ladi kuwa, Allah ya saka mata, ta tsaya tana fassara wa manoma da Hausa dalla-dalla, har da kwaikwayon jifan, kada wani ya tafi bai gane ba.

Baffa Audu ya dube ni ya girgiza kai. "'Yar nan, ai da kin yi ƙaryar kawai, mu nan mun taru mun taya ki istigfari."

Dariya ta ɓarke. Malam bai yi ba. Ya karɓi makulli, ya sa hula, ya ce, "Allah ya kyauta," ya hau keke. Na fi son da zagina ya yi. Ruwa dai ya isa gonaki kafin rana ta take, furen kowa bai zube ba, na yi nafila raka'a biyu a kan wannan.

Baturiya ta yi dariya har ta cire tabarau tana goge ido. Ta ce tun da ta zo ƙasar nan ba ta ga mai gudun ƙarya kamata ba, don haka ni zan riƙa koya wa mata ɗinki ina yi mata tafinta. Na ji sanyi ya ratsa ni, na miƙa hannu. Sai ta ɗauko makullin ɗakin ɗinki ta zagaye hannuna ta damƙa wa Ladi. Ladi fa, mai ƙaryar Turanci! Haka na yi shekaru ina tsayuwa a ƙofar ɗakin nan da safe, ina hango kekuna ta taga, ina jira ta gama ba marasa lafiya magani ta zo ta buɗe mini. A gari kuwa, duk ranar da ruwa ya makara, sai ka ji wani ya ce, "Ko matar Malam tana bitar Turanci ne?"

Na dai koyi abu guda: in ba ka da labari, ka ce ba ka da shi, kada ka je ƙera gaskiya da kayan mutane. Malam ma ya koyi nasa, don tun daga ranar, da makulli a wuya yake kwana.

Da muka dawo gida ran nan na shige ɗaki na kwanta rub da ciki, ko mayafi ban cire ba. Can na ji ɗan hannu yana jan ƙafata. Jummai ce, idonta yana ƙyalli, ludayin miya a hannu.

"Umma, tashi ki rufe ido. Yau me za mu ɓatar?"