Rasuwar Esin Motar Kawu Shu'aibu a Hanyar Abuja

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da riga jiƙe da gumi, ni Abdulfatah na Rikkos nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar na'urar sanyaya motar kawuna Shu'aibu, wadda duk gida muka fi sani da Esi. Ciwon ajalinta ya bayyana ne wata Asabar a watan Maris, ranar da Jos ta wayi gari da sanyi har masu shayi na hura hannu, Akwanga kuwa tana tafasa.

Marigayiyar ta shigo ƙasar nan cikin wata tokunbo, wato kwancen motar ƙasar waje, ruwan toka. Mai kunya ce, ba ta da hayaniya. In an taɓa makunninta sai ta ce "ƙyas", sannan ta saki "fuuu" a hankali, kamar uwa na hura wa jariri kunu. Rabon da a ji muryarta tun ranar da aka kai Anti Binta gidan miji a Bauchi, damina biyu ke nan. A Jos wa ke kunna esi? Ka sauke gilashi, Allah ya ba ka iska kyauta, manka kuma ya huta. Haka muka bar ta, ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba.

Wanda ya san ni ya san dalilin kukana. Na bar makaranta a aji uku na sakandare. Na taɓa gyaran waya, na taɓa wankin mota, na yi ɗinki a shagon Kawu a Dutse Uku, ko'ina ƙafata ƙaiƙayi take yi. Tuƙi ne kaɗai aikin da na zauna a cikinsa, domin ita ma motar ba ta zama. Ranar da Kawu ya miƙo min mukulli cewa ya yi, "Wannan ce ta ƙarshe, Abdul. In ka ɓata, ka dawo kan maɓalli da dutsen guga."

Sai ga Madam Firisila, mai gonar sitiroberi, jan ɗan itacen nan mai zaƙi, a wajen Vom, tana neman wanda zai kai mata kaya wani kanti a Abuja. Ta tambaye ni, "Motanka yana da esi, ɗana? Wannan kaya ba ya son zafi ko kaɗan." Ban amsa da ka ba, sai da na gwada. Da asuba a ƙofar gida na kunna, na kara hannu, sanyi ya buge ni har yatsuna suka ƙage. Na je na rantse mata. Ban san iskar Jos ce marigayiyar ta aro ta ba ni ba, don kada ta kunyata.

Ina gangara Hawan Kibo na cire rigar sanyi, na ɗage gilasai, na taɓa makunni. Ban ji "ƙyas" ba. Iskar da ta fito irin ta bakin gidan burodi ce. In na rufe gilashi, tanda. In na buɗe, tanda mai gudu. A Akwanga wani mai gyara a bakin titi ya ɗura mata gas, ta farfaɗo, na yi ta godiya ga Allah da ƙarfi ni kaɗai a mota. Kafin Keffi ta ce "tsssss". Kalmarta ta ƙarshe ke nan. Daga nan wani ƙamshi mai zaƙi ya cika motar, irin ƙamshin da ban so ji ba. A Abuja mai kantin ta buɗe kwali ɗaya, jan ruwa ya ɗiga mata a takalmi, ta rufe, ta ce in gaida mutanen Jos.

An yi iya ƙoƙari wajen jinya. Oga Natana'el na Farin Gada ya sauya fis, ya shafa ruwan sabulu a jikin bututai, kumfa ta tashi ta ko'ina. Ya ƙwanƙwasa kwamfureso, wato zuciyar esin, da sifana, ya kasa kunne, ya girgiza kai. "Ba aiki ne ya kashe ta ba, zama ne," in ji shi. "Robobi sun bushe, kwamfureso ya kama. Ko ba ka jin zafi, da ka riƙa kunna ta tana motsa jini." Na san wannan ciwon, irinsa ne ke jirana.

Madam Firisila ba ta ɗaga murya ba. Ta hau keke mai ƙafa uku har Dutse Uku, ta gaida Kawu, ta ajiye masa kwali ɗaya na ruɓaɓɓun kayan a kan teburin yanka. Da yamma ya karɓi mukulli.

Marigayiyar ta rasu ta bar fanka mai aiki ba amfani, da rediyo, da ƙanwarta hita mai ɗumama mota wadda ke cikin ƙoshin lafiya, da gilasai huɗu, ɗaya ba ya sauka. Ta kuma bar ni.

Za a ciro gawar ranar Laraba bayan la'asar a garejin Oga Natana'el, a miƙa ta ga 'yan gwangwan. Zaman makoki a shagon Kawu ne, inda za a same ni daga safe har magariba, tunda ba inda za ni. Ba a buƙatar kunu ko tabarma. Mai kwamfureso na hannu a kasuwar Dilimi, ko mai bakin da Kawu ke jin nauyinsa, don Allah ya zo kafin Juma'a, domin ranar ce wani direba zai zo duba motar.

Abin da aka rasa: kwamfureso ɗaya, kwalin sitiroberi ashirin, amanar Madam Firisila, da mukulli ɗaya, wanda ke rataye a ƙusa daidai saman kaina ina ɗinka maɓalli.